Kimiyyar kwamfuta ko bayo'infomatiks: wanne zan ɗauka a ƙaramin fanni?

Autar Gida:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe a wannan zauren ina karanta ku shiru, yau larura ta sa na yi magana. Ina shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka, babban fannina ilimin halittu, kuma kafin zangon nan ya ƙare sai na cike fom ɗin ƙaramin fanni, in ba haka ba sai na ƙara zango kafin in gama. Biyu ne suka tsaya min a rai: kimiyyar kwamfuta da bayo'infomatiks.

Ga abin da ya jawo. Hutun da ya wuce na yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata malamarmu. Mako shida muna haɗa samfur, aka tura aka karanto mana jerin haruffan RNA (kwafin saƙon DNA da ke nuna ƙwayoyin gadon da ke aiki), sakamako ya dawo a wasu fayiloli da kwamfutata ta kasa ko buɗe su. Daga nan aiki ya koma hannun wani ɗalibin digirin digirgir, ni da na sha wahalar samfurin na koma 'yar kallo. Wallahi abin ya yi min ciwo. Ba na son in sake tsayawa a bakin ƙofa haka. Kowanne cikin biyun kwas 6 ne, sai dai a na bayo'infomatiks kwas 2 suna cikin waɗanda dama zan yi a babban fannina. Don Allah waɗanda suka riga ni, ku ba ni shawara.

Yaya Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba zan yi miki kwana-kwana ba, ɗauki kimiyyar kwamfuta. Ilimin halittu kina shan sa safe da yamma a babban fanninki. Abin da kika rasa shi ne tushen kwamfuta, shi kuwa ba a tsintarsa a gefen hanya. Kwas ɗin tsarin ajiyar bayanai da na algoridim, wato tsara matakan warware matsala, su ne ke raba wanda ya iya danna manhajar wani da wanda ya san abin da ke gudana a cikinta.

Bari in ba ki misali daga gidansu masu bayo'infomatiks ɗin. A 1994 Michael Burrows da David Wheeler suka fitar da wata dabara ta jujjuya haruffan rubutu don a matse fayil ya ƙanƙance. Babu ruwansu da DNA. Shekara 15 bayan haka, a 2009, aka fito da manhajoji biyu, Bowtie da BWA, a kan wannan dabarar, su ne suka sa ɗora miliyoyin guntayen DNA a kan jinom ɗin ɗan Adam, wato cikakken jerin DNA ɗinsa, ya zama aikin da kwamfuta madaidaiciya za ta iya. Wanda bai zauna ajin algoridim ba, ta ina zai hango cewa dabarar matse fayil za ta yi wannan aikin? Manhajar da za a koya miki bana ana iya daina yayinta kafin ki gama digiri na biyu, amma wannan irin tunanin ba ya tsufa.

Baban Yara:
Ku yi haƙuri da ni 'ya'yana, ni ba ɗan wannan harkar ba ne, amma ina da yaro da ke shirin karatu. Mene ne ƙaramin fanni kuma? Digiri biyu ake ba mutum?

Ɗan Ajin Ƙarshe:
A'a Baba, digiri ɗaya ne. A tsarin Amurka digirin farko yawanci kiredit 120 ne a shekara 4. Babban fanni yana cin kaso mai tsoka, kwasa-kwasan gama-gari su ci nasu, sai a bar wa ɗalibi wasu guraben ya zaɓi abin da yake so. Idan ya tattara waɗannan guraben a fanni ɗaya, kamar kwas 5 zuwa 7, kiredit wajen 15 zuwa 24 gwargwadon jami'a, shi ne ƙaramin fanni. Ana rubuta shi a takardar sakamakon karatu, amma a jami'o'i da yawa ba ya fitowa a jikin shahadar digirin. A Ingila ba a cika yin haka ba, can tun ranar farko mutum ya san fanninsa, sai dai ya ɗauki digirin haɗaka na fanni biyu.

Ita kuma bayo'infomatiks, Baba, amfani ne da kwamfuta da lissafi a karanta bayanan halitta, musamman jerin haruffan DNA da na furotin, saboda yawansu ya fi ƙarfin idon mutum.

Baban Yara:
Madalla, Allah ya yi albarka. Ku ci gaba, ina saurare.

Anti Dakta:
Auta, sannu da ƙoƙari. Abin da ya same ki a ɗakin gwajin nan ya samu da yawa daga cikinmu, kuma jin ciwon da kika yi alama ce mai kyau.

Injiniya, ban ƙi maganarka duka ba, amma misalin naka ya amsa tambayar da yarinyar nan ba ta yi ba. Ba ta ce tana son ƙera manhaja irin BWA ba. Cewa ta yi tana son ta iya karanta sakamakon gwajin da ta yi da hannunta. Mutum nawa ne a duniya ke rubuta manhajar ɗora jeri, mutum nawa ne ke amfani da ita kullum? Na yi shekaru ina aikin nan, kuma abin da ke cin lokacina ba algoridim ba ne. Shi ne sanin ko bambancin da na gani tsakanin samfur biyu daga cutar yake, ko kuwa don an sarrafa rukuni ɗaya ranar Litinin ɗayan ranar Alhamis. Wannan ba a koyar da shi a ajin kimiyyar kwamfuta.

Na karɓi ɗalibai masu ƙaramin fanni a kwamfuta waɗanda suka iya rubuta shirin kwamfuta tsaf, amma ba su taɓa ganin fayil ɗin FASTQ da na'urar karanta jeri ke fitarwa ba, ba su san me ya sa ake karanta kowane wuri sau 30 ba. Dubi lissafin: jinom ɗin ɗan Adam harafi wajen biliyan 3 ne. A karanta shi ninki 30, harafi biliyan 90 ke nan. Na'urar tana ba ka shi ne gutsure-gutsure, kowanne kamar harafi 150, wato gutsure miliyan 600. Cikin wannan tulin ake neman harafi ɗaya da ya canza. Kuma harafi ɗaya ba wasa ba ne: cutar sikila canjin GAG zuwa GTG ce a ƙwayar gado ta HBB. To wa zai gaya maka wannan canjin da ka gani na gaske ne ko kuskuren na'ura? Sai wanda ya san yadda aka samo bayanan. Ƙaramin fanni na bayo'infomatiks mai kyau yana sa hannunka cikin irin wannan tun kana ɗalibi.

Yaya Injiniya:
Anti Dakta, kalmar da kika faɗa ita ce matsalar: "mai kyau". Nawa ne masu kyau? Na duba tsarin wasu, abin da ke ciki kwas ɗaya na gabatarwa ga harshen rubuta shiri na Python, ɗaya na koyon danna BLAST, manhajar neman jeri masu kama da juna, a shafin NCBI, cibiyar bayanan halitta ta Amurka, sauran duk ilimin halittu ne da aka canza wa riga. Auta da kanta ta ce kwas 2 cikin 6 suna cikin babban fanninta. Ke nan sabon abu 4 kawai za ta koya. Sunan ya yi kyau a takarda, amma ranar da fayil ya ƙi buɗuwa tana nan a bakin ƙofar dai.

Anti Dakta:
Wannan gaskiya ne, akwai irinsu. Amma akwai na kimiyyar kwamfuta da ɗalibi zai gama bai taɓa bayanai masu datti ba, duk aikin gida an tsefe masa an wanke. Kowane gida da nasa.

Malam Mai Lissafi:
Salamu alaikum. Na karanta ku duka, kuma na lura kun tsallake abu na uku, wanda a ganina shi ne ya fi kayar da masu bincike: ilimin ƙididdiga.

Auta, 'yata, gwajin da kuka yi na RNA, ina kyautata zaton kuna kwatanta rukuni biyu ne ku ga waɗanne ƙwayoyin gado suka ƙara aiki, waɗanne suka rage. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado masu haɗa furotin wajen 20,000. Idan kika gwada kowacce ita kaɗai da ma'aunin nan da aka saba, na yarda da kuskure 5 cikin 100, to ko da babu wani bambanci na gaskiya tsakanin rukunan biyu, sai kin samu wajen 1,000 da za su fito kamar sun bambanta. Dubu ɗaya, duk ƙarya. Shirin kwamfutarki bai yi kuskure ba, ya yi abin da aka sa shi. Ilimin halittarki ma bai yi kuskure ba, za ki iya ƙirƙiro wa kowacce cikin dubun nan labari mai ma'ana. Saboda irin wannan ne hanyar rage sakamakon ƙarya da Benjamini da Hochberg suka kawo a 1995 ta zama abincin yau da gobe a wannan fagen.

Ba banza ba manhajar R, ta nazarin bayanai, ta fito daga hannun masana ƙididdiga biyu a Jami'ar Auckland, Ross Ihaka da Robert Gentleman, kuma shi Gentleman ɗin na cikin waɗanda suka kafa Bioconductor a 2001, inda kayan aikin nazarin RNA da yawa suke. Saboda haka tambayata gare ki: cikin tsare-tsaren biyu, wanne ne ya tilasta miki kwas ɗin ƙididdiga na gaske, ba na haddar ƙa'ida ba? Idan babu ko ɗaya, nemi gurbi ki saka shi da kanki.

Ɗan Ajin Ƙarshe:
Yaya Injiniya, ni na bi shawarar da kake ba ta, bari in faɗi yadda ta kasance min don ta shiga da idonta buɗe. Babban fannina kimiyyar sinadaran jiki ne, na ɗauki ƙaramin fanni a kwamfuta. A takarda kwas 6 aka rubuta. A zahiri 8 na yi, domin ajin algoridim ba ya karɓarka sai ka ci lissafin rarrabe (discrete mathematics), shi kuma yana da nasa sharaɗin. Kwasa-kwasan a jere suke kamar tsani: gabatarwa, sai tsarin ajiyar bayanai, sai algoridim, ba a haɗa biyu a zango ɗaya. Sannan a jami'armu 'yan babban fannin kwamfuta ake fara buɗe wa rajista, mu mu samu ragowa. Zango guda cur ina jerin jira ban samu kujera ba, shi ya sa ajin algoridim ya faɗo min a shekarar ƙarshe tare da aikin bincikena. Na wahala ƙwarai, makina ma ya ɗan taɓu.

Ban yi nadama ba, don yanzu idan shiri ya yi kwana biyu yana gudu na san inda zan duba. Amma Auta tana shekara ta biyu, saura mata zango 4. Ta ƙirga matakan tsanin kafin ta taka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaya Injiniya:
To ka ga ai ka ba ni gaskiya da bakinka, ƙanina. Wahalar ta biya.

Ɗan Ajin Ƙarshe:
Ta biya Yaya, amma ni na fara tun shekarar farko. Da a shekara ta biyu na fara, da ban gama ba.

Autar Gida:
Na gode ƙwarai da gaske, ban zaci zan samu amsa haka ba. Malam, gaskiya ne, rukuni biyu muke kwatantawa, kuma ban taɓa jin wannan maganar ta dubu ɗaya ba sai yau. Jikina ya yi sanyi. Na yi kwas ɗaya na ƙididdiga amma gwaji ɗaya-ɗaya muka yi, ba dubu ashirin lokaci guda ba.

Wata tambaya: ba zan iya yin duka biyun ba?

Anti Dakta:
Taura biyu ba ta taunuwa, Auta. Ko da jami'a ta yarda, galibi akwai iyaka ga yawan kwas da za a ƙirga miki sau biyu, kuma duk sa'ar da kika ba aji na goma sha biyu daga lokacin ɗakin gwaji kika yanko ta. Idan na zauna tantance masu neman gurbin digiri na biyu, ɗaliba mai ƙaramin fanni biyu da ba ta taɓa kai aiki ɗaya ƙarshe ba, da ɗaliba marar ko ɗaya da za ta iya buɗe min aikinta ta ce ga inda na samo bayanan, ga abin da na zubar da dalilina, ga inda ban gamsu ba, wallahi ta biyun nake ɗauka.

Yaya Injiniya:
A nan kam muna tare. Mu ma a wajen ɗaukar aiki ba a tsayawa kan layin da aka rubuta ƙaramin fanni. Matsala ake ba ka a ce warware. Sai dai ita matsalar, daga ajin tsarin ajiyar bayanai take fitowa, shi ya sa nake nacewa.

Kuma Anti, tunda kin ce masu kwamfuta ba su san datti ba, bari in tuna miki abin da rashin tarbiyyar rubuta shiri yake jawowa. A 2006 wani ɗakin bincike a Amurka ya janye maƙaloli 5 kan siffar furotin, 3 daga ciki a mujallar Science, saboda wani ɗan shiri da aka rubuta a gida ya musanya ginshiƙai biyu na bayanai. Shekaru na aiki suka tafi. Ga kuma labarin Excel da kowa ya sani: ka rubuta sunan ƙwayar gado SEPT2 ko MARCH1 ya mayar maka da shi kwanan wata. Binciken 2016 ya samu irin wannan kuskuren a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalolin da suka haɗo jerin sunayen a Excel. Abin ya kai a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya canza sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1. Duk wanda ya zauna ajin kwamfuta na farko an koya masa bambancin nau'in bayanai, da gwada shiri kafin a yarda da shi.

Anti Dakta:
Duka biyun sun faru, kuma nakan ba ɗalibaina labarinsu. Amma ka lura, abin da zai hana su tarbiyya ce: gwada shiri da bayanan da ka san amsarsu, ajiye tarihin canje-canje a Git, duba fayil da ido kafin da bayan kowane mataki. Wannan ba ya buƙatar kwas 6 da lissafin rarrabe. Taron Software Carpentry na kwana biyu, mai koya wa masu bincike rubuta shiri, yana ɗora mutum a kan hanyar, saura aiki da nacewa.

Malam Mai Lissafi:
Ku bari tsoho ya ɗan yi tarihi, ƙila ya rage zafin. Kalmar bayo'infomatiks Paulien Hogeweg da Ben Hesper suka ƙirƙiro ta a Holan a 1970. Kafin su, Margaret Dayhoff ta tattara jerin furotin da aka sani ta buga a 1965, ita ce ta kawo rubuta kowane amino asid da harafi ɗaya don a rage wa kwamfuta nauyi. Ita kuwa masaniyar kimiyyar sinadarai ce. Heng Li da ya rubuta BWA ɗin da Injiniya ya ambata, fiziks ya karanta a digirin farko. Kyautar Nobel ta sinadarai ta 2024 da aka ba David Baker da Demis Hassabis da John Jumper: Hassabis kimiyyar kwamfuta ya yi a Kambirij sannan ya koma nazarin ƙwaƙwalwa, Jumper fiziks da lissafi ya fara. Kowannensu ya shigo ta ƙofarsa da abu ɗaya da ya iya sosai, sannan ya koyi harshen maƙwabta.

Kuma ko AlphaFold ɗin su Hassabis da Jumper, shirin da ya girgiza CASP, gasar hasashen siffar furotin, a 2020, da me ya koya? Da siffofin furotin da masu gwaji suka yi ta tarawa a rumbun PDB tun 1971. Ba don guminsu ba, da babu abin da na'ura za ta koya.

Abin da nake tsoro ga ɗalibi shi ne ya fito rabi a nan rabi a can. Auta, ki riƙe ilimin halittarki da ƙarfi, kada ƙaramin fanni ya cinye babba.

Mai Kodin:
Gafara dai, in shigo da tawa tunda ta yi kama. Ni akasin Auta ne, babban fannina kimiyyar kwamfuta, ina tunanin ƙaramin fanni a bayo'infomatiks. Amma abokaina na cewa ɓata lokaci ne, wai DNA ai rubutu ne mai harafi huɗu, A da C da G da T, duk wanda ya iya sarrafa rubutu ya gama.

Anti Dakta:
Ɗana, wannan maganar ta abokanka ita ce ta fi ba ni wahala a aiki. Ɗauki ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum. An kammala jinom ɗinta a 2002, harafi wajen miliyan 23, kuma kusan kashi 80 cikin 100 A ne da T. Dabarar da ke aiki lafiya a wata halitta sai ta rikice a nan, don wurare da yawa sun yi kama da juna. Ko ɗan Adam: an sanar da kammala aikin jinom a 2003 bayan shekara 13, amma cikakken jeri marar giɓi sai 2022 aka samu, saboda wuraren da haruffa ke ta maimaita kansu. Wanda ya ɗauka rubutu ne kawai ba zai san inda ramukan suke ba.

Kai kam ba ni da shakka a kanka: ɗauki bayo'infomatiks, kuma ka zaɓi kwas ɗin ilimin gado da na ƙwayar halitta, har da wanda za ka shiga ɗakin gwaji ka riƙe kwalba da hannunka ko sau ɗaya.

Yaya Injiniya:
Anti, kin ga abin da kika yi? Mai kwamfuta kin ce ya je ya ɗebo abin da ba shi da shi. To mai ilimin halittu ma haka ya kamata, ta je ta ɗebo abin da ba ta da shi. Ma'auni ɗaya ne.

Anti Dakta:
Ka kama ni a nan, na yarda ma'auni ɗaya ne. Inda muka rabu shi ne me ta rasa. Kai ka ce tushen kwamfuta gaba ɗaya. Ni na ce abu uku: rubuta shiri, aiki a layin umarni na Linux, da ƙididdiga. Ba ta buƙatar ajin yadda ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Amma tsarin ajiyar bayanai, wannan na ba ka. Kuma ajin algoridim na bayo'infomatiks idan na gaske ne, ai algoridim ne. Hanyar Needleman da Wunsch ta 1970 da ta Smith da Waterman ta 1981, na kwatanta jeri biyu, su ne dai dabarar cike tebur da kuke koyarwa: jeri biyu masu harafi 1,000 kowanne, tebur mai gida miliyan ɗaya. Daga nan ɗalibi ke gane dalilin da ya sa aka ƙirƙiro BLAST a 1990, wadda ta haƙura da tabbacin samun amsa mafi kyau don ta yi sauri.

Yaya Injiniya:
Idan ana sa su rubuta wannan tebur ɗin da hannunsu, ba nuna musu a allo kawai ba, to na sassauta.

Ɗan Ajin Ƙarshe:
Wani abu da ba a ambata ba, tunda Auta a Amurka take. Idan da bizar ɗalibai take, ƙarin wata 24 na izinin aiki da ake ba masu fannonin kimiyya bayan kammalawa, babban fanni ake dubawa, ba ƙarami ba. Kada wani ya ce mata ƙaramin fanni a kwamfuta zai canza mata wani abu a can. Ta je ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje su duba mata lambar babban fanninta. Kuma idan tallafin karatunta na zango 8 ne, ta tabbatar tsarin ba zai kai ta na 9 ba.

Baban Yara:
Wannan ta ƙarshen ita ce ta shafe mu iyaye. Allah ya saka da alheri.

Autar Gida:
Na dawo. Jiya na zauna da mai ba mu shawara kan karatu, na kuma roƙi malaman su ba ni jadawalin darussansu na bara, kamar yadda maganganunku suka nuna min, ban tsaya kan sunan kwas ba. Ga abin da na samu.

Na kimiyyar kwamfuta: yadda Yaya na ajin ƙarshe ya faɗa ne. Da sharuɗɗansa kwas 8 ne, kuma ajin algoridim zai faɗo zangona na ƙarshe, in na rasa kujera sau ɗaya shi ke nan. Babu ƙididdiga a ciki ko ɗaya.

Na bayo'infomatiks: akwai Python, akwai ƙididdigar bayanan jinom da R, akwai ajin algoridim na jeri, kuma na duba aikin gida na biyu, ɗalibi ne ke rubuta Smith da Waterman da kansa. Sannan cikin kwasa-kwasan zaɓi an yarda a saka tsarin ajiyar bayanai daga sashen kwamfuta. Kwas 2 da suka haɗu da babban fannina sun bar min gurabe biyu, zan sa lissafin rarrabe a ɗaya, ɗayan in bar shi don aikin bincike. Wannan na cike.

Yaya Injiniya:
Allah ya sa alheri ƙanwata. Har yanzu da a shekarar farko kika tambaye ni da ban canza ba. Amma wanda kika zayyana ba irin wanda nake tsoro ba ne. Abu ɗaya: tsarin ajiyar bayanan nan ki yi rajistarsa a zango mafi kusa, kada ki bar shi ƙarshe, kuma idan aikin gida ya ƙi ki kawo nan mu duba tare.

Anti Dakta:
Barka Auta. Kada ki jira zango ya fara. Koma wajen ɗalibin nan da aikin ya koma hannunsa, ki roƙe shi fayil ɗaya cikin naku da izinin malamarku, a buɗe miki asusu a babbar kwamfutar sashe. Kada ki yi ƙoƙarin buɗe shi duka. Ki sa ta nuna miki layi 8 na farko, sannan ta ƙirga miki layukan fayil ɗin ki raba da 4, domin kowane gutsure layi 4 yake ci. Da yamma kuma ki riƙa warware matsala ɗaya a shafin Rosalind na atisayen bayo'infomatiks.

Autar Gida:
Anti, na yi! Ya zauna da ni kusan awa ɗaya. Na ga layin suna mai farawa da @, na ga layin haruffa, na ga layin +, kuma da na raba da 4 na samu gutsure sama da miliyan 30 daga samfur ɗaya da na haɗa da hannuna. Na daɗe ina kallon allon. Sai dai layi na huɗu ya ɗaure min kai. Yawanci F ne a jere, amma a wani tsohon fayil da ya nuna min akwai alamar tambaya birjik. Na'urar ce ke cewa ba ta san harafin ba?

Malam Mai Lissafi:
A'a 'yata, inda ba ta san harafi ba N take rubutawa a layi na biyu. Layi na huɗu maki ne, kowace alama tana tsaye a madadin lamba, ga harafin da ke samanta daidai. Ki nemi lambar alamar a teburin ASCII, wanda ke ba kowane harafi da alama lamba a kwamfuta, ki cire 33. Alamar tambaya 63 ce, saura 30, ma'ana yiwuwar kuskure 1 cikin 1,000. F kuwa 70 ce, saura 37, kamar 1 cikin 5,000. Yanzu ki rubuta ɗan shiri da zai karanta gutsure dubu na farko ya fitar miki da matsakaicin makin kowane gurbi, daga na 1 har na ƙarshe, ki zo ki gaya mana ta wane gefe makin ya fara sauka.